Inshorar girgizar ƙasa a Niyu Zilan: nauyin da bai kamata a bar wa mai gida shi kaɗai ba

A Niyu Zilan, duk wanda ya yi wa gidansa inshorar gobara ya sayi ta girgizar ƙasa tare, ko ya lura ko bai lura ba. A cikin kuɗin da yake biyan kamfani akwai kason da doka ta ce a ware a zuba a asusun gwamnati. Tun watan Oktoba na 2022 kason nan santi 16 ne a kan kowace dala 100 ta ƙasar, kuma ba ya wuce dala 480 a shekara kafin a ɗora haraji. Idan ƙasa ta motsa gida ya tsage, asusun ne ke fara biya har zuwa dala 300,000, abin da ya haura nan kuma kamfani ya ɗauka. Mai gida a Wellington, babban birnin da tsagar ƙasa mai haddasa girgiza ta ratsa ta cikinsa, da mai gida a Hamilton, inda girgiza ba ta cika damun kowa ba, farashi ɗaya suke biyan asusun.

Wannan farashi ɗaya shi nake son karewa. A ganina shi ne abu mafi daraja a tsarin baki ɗaya, kuma duk hujjar da ake kawowa cewa kowa ya biya gwargwadon haɗarin unguwarsa, duk da tana da daɗin ji, ba ta dace da irin bala'in da ake magana a kai ba.

Dalili na farko yana cikin yadda inshora ke aiki. Gobara kan ci gida ɗaya yau, wani gobe, wani baɗi. Kamfani ya tara kuɗin mutum dubu ya biya biyu ko uku, ya ga riba. Girgizar ƙasa kuwa sai ta yi shekara hamsin ba ta taɓa kowa ba, sannan cikin daƙiƙa ashirin ta taɓa kowa. Duk waɗanda suka biya su zo karɓa rana ɗaya. An ga haka a Kalifoniya bayan girgizar Northridge ta 1994: kamfanoni suka yi asarar da ta tsorata su, galibinsu suka daina sayar da sabuwar inshorar gida, sai da jihar ta kafa hukuma ta musamman a 1996. Har yau wajen gida ɗaya cikin goma ne ke da inshorar girgiza a can, domin zaɓi ce kuma tana da tsada. A Japan, inda aka yi dokar a 1966 bayan girgizar Niigata ta 1964, wajen kashi ɗaya cikin uku na iyalai ne ke da ita. A Niyu Zilan sama da kashi 90 cikin ɗari na gidaje suna da kariya. Ba don mutanen can sun fi kowa tsoro ko hangen nesa ba. An haɗa abin ne da inshorar da banki ke tilasta wa duk mai bashin gida, aka kuma bar farashin inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa.

Tsarin bai faɗo daga sama ba. Girgizar Napier ta 3 ga Fabrairu 1931 ta kashe mutum 256, gobara ta biyo baya ta cinye tsakiyar garin, mutane da yawa kuma suka tarar takardunsu na inshora sun cire duk ɓarnar da girgiza ta jawo. A 1942 aka sake yin wasu a yankin Wairarapa, gine-gine suka daɗe a tsage babu kuɗin gyara. A lokacin akwai asusun da aka kafa don ɓarnar yaƙi, sai majalisa ta faɗaɗa shi a 1944 ya haɗa da girgizar ƙasa, hukumar da ke kula da shi ta fara aiki a 1945. Ita ce daga baya aka sani da EQC, wadda tun 1 ga Yuli 2024 aka sauya wa suna da doka, ta koma hukumar bala'o'in ƙasa mai laƙabin Toka Tū Ake a harshen Maori.

Masu sukar farashi ɗaya suna cewa: me ya sa mutumin Auckland zai tallafa wa mutumin Wellington da ya zaɓi zama a kan tsaga? Tambayar ba ta banza ba ce. Amma amsarta tana Christchurch, birni mafi girma a Tsibirin Kudu na ƙasar.

Kafin 2010, idan aka ce babbar girgiza za ta zo, Wellington kowa ke kallo. Christchurch ana ɗaukarta a matsayin mai matsakaicin haɗari. Da asubahin 4 ga Satumba 2010, ƙarfe 4:35, wata tsaga da masana ba su san da ita ba ta ɓalle kusa da Darfield, kimanin kilomita 40 yamma da birnin, da ƙarfin maki 7.1. Mutane suna barci, tituna babu kowa, aka yi ɓarna amma rushewar gini ba ta kashe kowa ba. Bayan wata biyar da rabi, ranar 22 ga Fabrairu 2011 da ƙarfe 12:51 na rana, wata tsagar da ita ma ba a san da ita ba ta motsa. Maki 6.3 ne kawai, amma zurfinta bai fi kilomita 5 ba kuma tana dab da gari, lokacin cin abincin rana, mutane cike da ofisoshi da tituna. Mutum 185 suka mutu, 115 daga cikinsu a bene ɗaya, ginin gidan talabijin na CTV.

To da a 2009 an raba farashi bisa taswirar haɗari, da mutanen Christchurch suna cikin masu biyan kaɗan, suna ƙorafin ana tatsar su don Wellington. Su ne kuma suka kwashe asusun da ƙasar ta yi sama da shekara sittin tana tarawa. Taswirar haɗari tana nuna iyakar abin da masana suka gano zuwa yau, kuma masanan da kansu ba sa ɓoye wannan. Da aka sabunta taswirar ƙasar a 2022, ƙiyasin ƙarfin girgizar da ake tsammani ya ƙaru da kusan rabi a wurare da yawa. Auckland ɗin ma da ake cewa tana tallafa wa wasu, a kan filin duwatsu masu aman wuta kusan 50 take zaune, na baya-bayan nan, Rangitoto, ya fito daga teku shekara 600 da suka wuce. Asusun nan kuwa yana biyan ɓarnar aman wuta da tsunami da zaftarewar ƙasa. A tsibiran da ke kan mahaɗar manyan faya-fayan ƙasa biyu, na Pasifik da na Ostireliya, babu wanda zai bugi ƙirji ya ce shi mai bayarwa ne har abada.

Sai dai kare tsarin ba ya nufin rufe ido ga abin da ya yi wa mutane, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a daɗe.

A unguwannin gabashin Christchurch, irin su Bexley da Avonside da ke bin kogin Avon, ba rushewa ce babbar masifa ba. Ƙasar wurin yashi ce mai jiƙe da ruwa, da girgiza ta kaɗa ta sai ta saki, ta koma taɓo. Toka-tokan laka ta riƙa ɓulɓulowa daga tsakar gida da gefen titi, wani wurin ma ta tsakiyar falo. Gida yana tsaye, rufinsa lafiya, amma kusurwa ɗaya ta nutse, ƙofa ba ta rufuwa, daɓe ya karkace. Bututun ruwa da na bahaya suka karye a ƙarƙashin ƙasa, aka jera banɗakin roba a bakin titi, tsofaffi suna fita cikin sanyin dare don biyan buƙata, wata da watanni. Ɗalibai da manoma suka zo da shebur da baro suka kwashe lakar, sai girgizar 13 ga Yuni ta sake fito da wata, ta 23 ga Disamba ta ƙara. Irin wannan gida shi ya fi wuyar sha'ani wajen inshora. Wanda ya rushe ƙurmus ba a gardama a kansa. Wanda ya karkace kuwa, sai injiniya ya zo ya ce a gyara, wani ya zo ya ce a rushe, na uku ya ce tsagar tun kafin girgiza take.

Hukumar da za ta warware wannan duka tana da ma'aikata 22 ne lokacin da girgizar farko ta zo. Takardun neman diyya sama da 460,000 suka sauko mata. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi: aka ɗebi masu ƙiyasin ɓarna cikin gaggawa, aka kuma ɗora wa hukumar aikin da ba a gina ta don shi ba, wato kula da gyaran dubban gidaje da kanta maimakon biyan kuɗi. Iyakar biyanta a lokacin dala 100,000 ce. Sai ta tabbatar ɓarnarka ta haura wannan iyaka kafin kamfaninka ya karɓi maganar. Kuma da kotu ta yanke a 2011 cewa kowace girgiza lissafinta daban, sai ya zama dole a zauna a raba tsagar bango ɗaya: nawa ne na Satumba, nawa na Fabrairu, nawa na Yuni. Mai gida yana tsakiya, hukuma ta ce ka je kamfani, kamfani ya ce muna jiran hukuma. Akwai waɗanda suka shekara biyar, bakwai, har fiye, a wannan hali. Wasu aka yi musu gyaran shafe-shafe, aka toshe tsagar da ido ke gani aka bar tushen gini a karye. Suka sayar da gidan da zuciya ɗaya, sabon mai shi ya gano ɓarnar, kamfanin tsohon mai gida ya ce ba shi da alkawari da shi. Sai a 2019 gwamnati ta ware dala miliyan 300 don irin waɗannan.

Binciken da tsohuwar Gwamna-Janar, Silvia Cartwright, ta jagoranta, wanda aka fitar a 2020, ya tabbatar da abin da mutanen garin suka daɗe suna faɗa: hukumar ba ta shirya ba, kuma yadda aka bi da masu neman diyya ya ƙara musu ciwo a kan ciwo. Ina ganin wannan ya fi ƙarancin kuɗi muni. Mutumin da ya biya shekara talatin bai taɓa fashi ba, ranar da ya zo karɓa a sa shi ya ɗauki lauya, an karya masa alkawari ko da daga ƙarshe an biya shi.

A nan Japan tana da abin koyarwa, duk da tsarinta ya fi rowa. Inshorar girgiza a can ba ta wuce rabin darajar inshorar gobara, kuma ba ta alkawarin mayar maka da gidanka. Amma ba a auna kowace tsaga. Ana sa ɓarna a aji: gaba ɗaya, babba, ƙarama, ko ɗan sashe, kowane aji da kasonsa. Bayan bala'in girgiza da tsunami na Maris 2011 sun yi amfani da hotunan sama suka ayyana unguwanni sukutum a matsayin ɓarnar gaba ɗaya, cikin 'yan watanni aka biya sama da yen tiriliyan ɗaya. Ba na cewa Niyu Zilan ta kwafi wannan, domin kariyar Japan ba ta isa gina gida, kuma a Kobe a 1995 abin da inshorar girgiza ta biya bai kai yen biliyan 80 ba alhali ɓarnar ta kai kusan tiriliyan 10. Amma kuɗin da ya zo a wata na uku yana yin aikin da kuɗin shekara ta shida ba zai yi ba: yara ba su bar makarantarsu ba, shago bai mutu ba, aure bai girgiza ba. An ɗan gyara a Niyu Zilan. Tun 2021 kamfaninka ne ke karɓar takardarka ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe a madadin hukumar, abin da aka fara gwadawa bayan girgizar Kaikōura ta 2016. Ba a dai gwada sabon tsarin da bala'i mai girman na Christchurch ba tukuna.

Duk da wannan, a dubi ɗaya gefen. An ƙiyasta kuɗin sake gina yankin a kan dala biliyan 40, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, ƙasar da mutanenta a lokacin ba su kai miliyan biyar ba. Kaso mafi girma inshora ce ta biya, kuma da yawa daga kuɗin daga waje ya shigo, daga manyan kamfanonin Turai da sauransu da ke yi wa masu inshora inshora. Ƙasa ƙarama ba ta da wata hanyar raba irin wannan nauyi da duniya in ba wannan ba. Waɗannan kamfanonin kuma suna yarda su shiga ne saboda kusan kowa na ciki. Idan masu ƙaramin haɗari suka fice aka bar masu babba, farashi ya tashi, wasu su ƙara ficewa, a ƙare kamar Kalifoniya.

Abin da ke damuna shi ne ana tafiya can ɗin a hankali, ta ƙofar baya. Iyakar dala 100,000 da aka sa a dokar 1993 ta zauna a wurin sama da shekara 25 yayin da kuɗin gini ke ta hawa, don haka kason da kowa ke ɗauka tare ya riƙa ƙanƙancewa ba tare da majalisa ta taɓa jefa ƙuri'a a kai ba. Sai 2019 aka kai ta 150,000, a 2022 aka ninka. A ɓangaren kamfanoni kuwa, wajen 2013 suka daina alkawarin sake gina gida ko nawa zai ci, suka koma ga adadin da mai gida ya rubuta da hannunsa. Mutum nawa ne ya san abin da rushe tsohon gini da kwashe ɓaraguzai da ƙarfafa tushe za su ci, a lokacin da gari guda ke neman magini ɗaya? Daga 2018 kamfanin Tower ya fara sa farashin girgiza gida-gida bisa adireshi, wasu suka bi. Ba na zargin kamfanonin da mugunta. Sun ga abin da ya faru da kamfanin AMI, wanda ke riƙe da inshorar kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen Christchurch, ya kasa ɗaukar nauyin har gwamnati ta tallafe shi a 2011. Amma sakamakon a bayyane yake: a Wellington, musamman masu ɗakuna a dogayen benaye, akwai waɗanda kuɗin inshora ya zame musu kamar haya ta biyu. Gidan da ba a iya yi wa inshora banki ba ya ba da bashi a kansa, wanda banki ba ya ba da bashi a kansa kuma ba ya sayuwa. Dattijuwar da ta sayi ɗakinta shekara talatin da suka wuce, tsadar inshora ba za ta matsar da ita ko'ina ba, za ta dai ɗaure ta a wurin ba kariya.

Masana tattalin arziki kan ce farashi saƙo ne, yana gaya wa mutane inda bai kamata su yi gini ba. Gaskiya ne, amma saƙon yana amfani ne ga wanda bai riga ya aza tubali ba. Nan ne ya kamata a tsananta, kuma nan ne aka yi sakaci. An rubuta labarin ƙasa ta koma taɓo a Kaiapoi, arewa da Christchurch, tun girgizar 1901, amma aka ci gaba da yanka filaye a fadamun yankin har cikin shekarun baya-bayan nan. Bayan girgizar 2011 gwamnati ta shata jan yanki, wato inda ba za a sake gina gidaje ba, ta sayi gidaje kusan 8,000 ta rushe, unguwanni suka koma ciyawa. Da an hana gini a wasu daga cikin wuraren tun farko, da ba a kai nan ba. Don haka ni a ganina, sabon gini a kan yashi mai ruwa ko ƙasar da aka cike daga teku, ko dai a hana, ko mai yanka filin ya biya cikakken haɗarinsa. Ƙa'idar gini ma haka: girgizar Kaikōura mai maki 7.8, wadda ta faro daga can Tsibirin Kudu, ta lalata sababbin benaye a bakin tashar jiragen ruwan Wellington har aka rushe wasu. Inshora ba ta taɓa riƙe ginshiƙi ba, kuma babu diyyar da ta dawo da ko mutum ɗaya daga cikin 115 na CTV.

Jan yankin ya kuma nuna wani abu da masu cewa kowa tasa ta fishshe shi ba sa son ji. Waɗanda ba su da inshora, da masu fili babu gini, da farko rabin darajar filin aka yi musu tayi. Suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 2015, gwamnati ta ƙara tayin. Ma'ana, ranar da bala'i ya zo, babu gwamnatin da za ta iya kallon dubban iyalai a titi ta ce laifinsu ne. Za a biya, ta aljihun mai biyan haraji. Tun da haka ne, gara a tara kuɗin tun da wuri a cikin tsari da kowa ya sani, da a zo ana ciniki a gaban alƙali bayan shekara huɗu.

Akwai gyaran da farashi ɗayan kansa ke buƙata, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da yake kusan kowane gida ya haura dala 300,000, mai ƙaramin gida da mai katafaren gida dala 480 ɗin suke biya. 'Yan haya kuma, kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan ƙasar, ba su da komai a asusun, balle tun da aka cire kayan ɗaki daga cikinsa a 2019. Waɗannan abubuwa ne da za a gyara a cikin tsarin, ba dalilin wargaza shi ba.

Babbar maganar da ke gaban ƙasar yanzu ita ce ta asusun. Kusan dala biliyan 6 ke ciki kafin 2010. Christchurch da Kaikōura suka share shi, har a 2018 aka taɓa lamunin da gwamnati ta tsaya wa asusun karo na farko a tarihinsa. Tsagar Alpine, wadda ta miƙe ɗaruruwan kilomita a Tsibirin Kudu, rabonta da babbar girgiza tun 1717, tazarar da ta saba bayarwa kuma wajen shekara 300 ce. Binciken 2021 ya ce yiwuwar ta ɓalle cikin shekara 50 masu zuwa kashi 75 ne cikin ɗari, kuma mai yiwuwa ta kai maki 8. Wannan ban da ramin Hikurangi da ke gabashin Tsibirin Arewa, wanda ke iya haɗa girgiza da tsunami. Ya kamata a ɗaure iyakar biya da farashin gini don ta riƙa hawa da kanta, a kuma ƙara kason da ake karɓa yadda asusun zai cika cikin shekarun da ake da su. Ƙarin zai yi wa masu gida zafi, kuma duk ministan kuɗin da ya sa hannu a kai zai sha suka a lokacin zaɓe. Ina ganin duk da haka ya sa hannun.